Karkataccen Faifaina

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka na saƙa faifaina na farko, a gidanmu na Kiru, ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Bai fito daidai ba. Gefe ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sunkuya, ko ƙwarya ba ya rufewa. Inna ta ce hannuna ne bai faɗa ba tukuna. Na cilla shi bayan rumbu.

A makon ne yayana ya zo hutu daga makarantar horon malamai. Da la'asar ya tsinto faifan, ya yi ta jujjuya shi.

"Wa ya saƙa wannan?"

Na ce ni ce, ina jiran dariya.

"Ai irinsa nake nema!"

Ya tara mu a tsakar gida. Ya ce malaminsu ya gaya musu rana da taurarin da muke gani duk suna cikin wani ƙaton faifai mai juyawa. Masu nazarin sama kuma sun gano kwanan nan cewa bakinsa, inda wani abu kamar hayaƙi ya shimfiɗu, ya lanƙwashe kamar nawa.

Kaka tana kaɗin auduga, ta ce, "To me ya lanƙwasa shi?"

"Ba su sani ba tukuna, Kaka. So suke su gane inda nauyinsa yake, a tsakiya ya taru ko bazuwa ya yi."

Ya ari mazarinta ya soka a tsakiyar faifan, ya liƙa curin laka a gindi, ya barbaɗa dawa a matsayin taurari. Ya ce ni zan murza, tunda nawa ne. Ina murzawa dawa ta watse, kaji suka yo caa daga ko'ina. Da ya mayar da lakar gefe guda, faifan ya yi tangaɗi, ya fizge ya faɗa kan akuya. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ana cikin haka Baba ya dawo daga gona, ya ga hatsinsa a ƙasa. Ya saurari bayanin yayana har ƙarshe, ya ce, "Ikon Allah." Sai ya jingine fartanya, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna kusa da ni.

"Uwata, nuna mini yadda ake murzawa."

Nasa ma kaji ne suka cinye.