Mai Tuwon da Ba Ta Cin Tuwonta

Yayata Zuwaira tuwon shinkafa take sayarwa a bakin kasuwar garinmu, tun ana kiransa Abuja, kafin a ɗauke sunan a bar mu da Suleja. Mace ce mai jiki, kuma ba ta taɓa damuwa da shi ba sai ranar bikin 'yar Daso, maƙwabciyarmu a unguwar Wambai. Kujerar tsuguno ta karye da ita a tsakar gida, Daso ta yi guɗa, mata suka kwashe da dariya. Kujerar kuwa gara ta riga ta cinye ta, amma ba wanda ya duba.

Daga ranar Zuwaira ta ɗaura yaƙi da cikinta. Da farko takan ci, ta zaga bayan gida ta zura yatsa a maƙogwaro. Daga baya ta daina cin ma, sai ruwan kanwa da goro. Cikin wata biyar zanenta ya koma zagaye biyu.

To, kowa ya san mai tuwo takan ɗanɗana miyarta a gaban masu saye, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Zuwaira ta daina. Mutanenmu kuwa, da ba su raina abin magana, suka ce ruwa ba ya tsami banza: wadda ba ta cin girkinta ta san abin da ta zuba. Daso ce ta fara cewa ruwan wankan gawa ne. Munafukan da suka shekara goma suna suɗe mata kwano suka watse, har Gwadabe mahauci ya hana ta nama. Ta faɗi a bakin murhu sau biyu. Ban taɓa tsanar mutane kamar yadda na tsani unguwarmu a shekarar nan ba.

Wadda ta tsaya mata Adaobi ce, mai busasshen kifi, da ta dawo garin bayan yaƙin basasa. Ta ce ta ga yunwa da idonta, kuma cikin da ya daɗe a rufe ba a buɗe shi da malmala. Kullum da hantsi sai ta zo da koko, ta zauna ta sha cokali ɗaya, ta miƙa wa Zuwaira ɗaya. Ba wa'azi, ba lallashi. Haka suka yi har damina ta wuce, sannan aka kai ga fate, aka kai ga tuwo.

Da leburorin gina sabon birnin Abuja suka fara cika gari, Zuwaira ta sake hura wuta. Baƙi ne, ba su san komai ba, tukunya ta riƙa ƙarewa kafin azahar. Kumatunta suka dawo.

Sai ga Daso wata Laraba da kwanonta, kamar ba ita ba. Ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"Kin yi kyau, Zuwaira," in ji ta. "Amma ki riƙa kula, na ga kin fara komawa gidan jiya."

Zuwaira ta zuba mata tuwo har da gyara. Da la'asar na ajiye mana namu, ta ture kwanon gefe. Na zauna a gabanta, na ce ni ma ba zan ci ba. Miya ta huce, man ya daskare a kai. Can ta sa hannu tana hawaye, ta yi loma uku.

Daso ta rasu bayan shekara shida. Zuwaira ta je gaisuwa har da ƙwaryar gumba. Ni ban je ba.