Matar da Ke Tebur na Uku

Hazel Ormerod ta fara aiki a shirin talabijin mai suna "Layin Garside" ranar Litinin, 6 ga Maris 1978, tana da shekara talatin da huɗu. Kafin nan ta yi shekara biyu a makarantar wasan kwaikwayo a Manchester, ta kuma fito a fim sau uku: sau ɗaya nas, sau ɗaya mai jiran bas, sau ɗaya gawa. A dukansu ba ta ce uffan ba.

A "Layin Garside" ma aikinta cika wuri ne. Akwai gidan shayi a cikin shirin, ita ce matar da ke zama a tebur na uku, jikin taga, da koriyar hula, tana saƙa. Dokar 'yan cika wuri ɗaya ce: a motsa baki kamar ana hira, amma kada sauti ya fita. Wanda ya yi magana ya shiga hurumin manyan 'yan wasa, kuma ranar za a sallame shi. Da idonta ta ga an yi wa mutum biyu haka.

Mijinta Walter, direban bas, ya sami abin tsokana.

"Uwargida, ashe kin iya shiru? Ni me na yi miki da ba a kawo mini irinsa gida?"

"Ci dankalinka, kai dai. Wata rana za ka ji muryata a akwatin talabijin ɗin nan."

"Allah ya sa kunnena na aiki lokacin."

Takan yi dariya, amma abin yana cin ta. Ba ta son ta ajiye aiki ba a taɓa jin muryarta ba, ba a taɓa rubuta sunanta a jerin da ke wucewa ƙarshen shiri ba.

Tun da ba wanda ya ba matar tebur na uku suna, Hazel ta raɗa mata: Misis Tattersall, matar wani masunci da teku ta ci. Ta sayi littafi, duk ranar aiki ta rubuta lambar shirin, da launin zaren da take saƙawa, da layin saƙar da ta tsaya, da abin da ke ran Misis Tattersall a ranar. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa karantawa. Zuwa shekara ta 2000 littattafan sun kai goma sha huɗu.

A shekarar ne shirin ya cika shekara talatin, aka yanke a watsa shi kai tsaye ranar Juma'a da ƙarfe bakwai da rabi. Babbar fitowar ranar ta Dilys Harcourt ce, tauraruwar da ke fitowa a matsayin Peggy mai gidan shayin. Za a kawo mata wasiƙa cewa jirgin ruwan ɗanta ya nutse, ta karanta a gaban masu shan shayi. An yi gwaji sau goma sha ɗaya, Hazel tana tebur na uku a kowanne. Dilys kuwa shekararta saba'in, ba ta yarda a gan ta da tabarau, don haka ta haddace wasiƙar, aka ba ta farar takarda ba rubutu.

Ranar ta zo. Aka miƙa wa Dilys ambulan, ta yage, ta warware takardar, ta buɗe baki. Babu komai. Haddar ta gudu.

Hazel ta ƙirga a ranta. Daƙiƙa uku. Biyar. Sauran 'yan wasan kowa ya zuba wa kofinsa ido. Hazel ta san in ta buɗe baki, shekara ashirin da biyu sun ƙare yau. A daƙiƙa ta tara ta soke allurar saƙa cikin ƙullin zare, ta miƙe.

"Peggy, zauna, 'yar'uwa. Kawo nan. Na taɓa karɓar irinta, na san idon mutum ba ya iya gani."

Ta zaunar da ita, ta karɓi farar takardar, ta karanta wasiƙar da ka daga farko har sa hannu, ba ta tsallake kalma ba. Sannan ta naɗe ta, ta ƙara abin da ba ya cikin rubutun kowa sai nata.

"Ranar da tawa ta zo, shayin Tattersall yana kan murhu. Na bar shi ya ƙone ƙurmus. Ki yi kukanki, ni zan kula da tukunya."

Dilys ta riƙe mata hannu ta fashe da kuka, daga nan maganarta ta dawo, shiri ya tafi har ƙarshe.

Da aka kashe fitilu, darakta Mista Banham ya sauko, fuskarsa ja wur.

"Wa ya ce ki yi magana?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"Kin san doka?"

"Na girme ta a gidan nan."

"To wane ne kuma Tattersall?"

Ta buɗe jaka ta miƙa masa littafi na goma sha huɗu. Ya tsaya yana juya shafuka. Dilys ta iso tana goge kwalli.

"Banham, in ka kore ta, ka haɗa da ni. Gobe kai za ka ɗaura gyale ka zuba shayin."

Banham ya tafi da littafin.

Asabar da Lahadi Hazel ba ta ci abincin kirki ba. Ta wanke koriyar hular, ta sa a takarda don ta mayar. Ranar Litinin ta tarar da buhu biyu na wasiƙun masu kallo a ofis, yawancinsu tambaya ɗaya: ina matar nan ta shiga duk shekarun nan? Mista Banham ya ce ta kawo sauran littattafai goma sha ukun, marubuta suna son su.

Misis Tattersall ta yi shekara goma sha ɗaya tana magana a "Layin Garside". Aka ba ta ƙanwa, da tsohon saurayi, da rigima kan wani kare. Hazel ta fito a fina-finai huɗu bayan haka, duka da magana, ta kuma karɓi lambar yabo tana da shekara sittin da uku. Amma in an tambaye ta, ranar da take ambata ita ce Juma'ar da ta biyo bayan shirin kai tsayen nan.

A daren, suna kallo a gida, shiri ya ƙare, sunaye suka fara wucewa. Walter ya durƙusa gaban akwatin da tabarau a hanci, yatsansa a kan gilashi.

"Ga shi! Hazel Ormerod! Na goma sha biyu daga sama!"

"Matsa, tsoho, ka tare mini."

"Shi ke nan, na shiga uku. Da gida kaɗai ne, yanzu ƙasa duka za ta sha surutu."

Hazel ta jawo sabon littafi, na goma sha biyar. Ta rubuta kwanan wata da lambar shirin. A layin zare ta sa "kore". Sannan ta ja wani layi da bai taɓa kasancewa ba, ta rubuta: "Abin da ta faɗa."