Kalmar da Na Koya wa Anti Hauwa

Ranar wata Asabar ce cikin watan Rajab, shekarar da nake aji biyar na firamare, Umma ta ɗora mini robar wanki a ka bayan la'asar, ta ce in hau saman bene in shanya kafin rana ta faɗi. Gidan da muke haya a unguwar Madain Fahd ta birnin Jidda hawa uku ne. Mu muna ƙasa, wasu 'yan Sudan a tsakiya, mai gidan da iyalinsa a sama. Saman benen kuwa na kowa ne, a nan tankunan ruwa suke, da igiyoyin shanya, da wani tsohon kejin tantabaru da babu komai a ciki. Da na tura ƙofar ƙarfen sai na tarar da wata 'yar siririyar mata a tsugune a inuwar tanki, riƙe da ƙaramin littafi da biro. Ta bi ni da kallo har na sauke robar. Can sai ta nuna silifas ɗin ƙafata ta ce, "English?" Na ce mata flip-flop. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, sannan ta fashe da dariya tana rufe baki da littafin, don ta gane ƙarar da takalmin yake yi ita ce sunansa. Ta miƙo mini biron na rubuta mata.

Sunanta Hoa, daga ƙasar Vietnam aka ɗauko ta don ta kula da Hajja, mahaifiyar mai gidan, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Kunnenmu bai saba da sunan ba, sai muka mayar da ita Hauwa, ni kuma na ƙara mata Anti. Watanta biyu a gidan, Larabcinta bai wuce yalla da halas da shwayya-shwayya ba. Turanci take nema ido rufe, domin da shi 'yar mai gidan take yi mata magana, da shi aka rubuta kwalayen maganin Hajja, da shi kuma wata mata 'yar Filifin da ke zuwa gasa wa Hajja ƙafa take ba da umarni. Tana da ɗa sa'ana da ta baro a hannun mahaifiyarta, shi ma ya fara Turanci a makaranta, ba ta son ya riga ta.

Ni a lokacin ganin kaina nake ƙwararriya. Ina da shekara biyar aka kawo ni Jidda, lokacin da Abba ya samu aikin gyaran injinan ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa, Umma kuma ta samu aikin nas. Makarantar 'ya'yan baƙi nake zuwa, malamanmu yawanci 'yan Indiya, Turanci muke yi daga safe har azahar. A gida Hausa ce gauraye da Larabci, idan na rasa kalma a ɗaya sai in ɗauko daga ɗayan. Aikina a gida sayo burodin tamis da safe, wanke matakalar bene ranar Alhamis, da shanya. Shanyar nan da na tsana ita ta zama abin da nake ɗoki, domin daidai lokacin Hajja take barci, Anti Hauwa ta samu hawowa. Takan kama mini zanin gado mu matse tare, mu shanya, sannan mu zauna ta buɗe littafi. Ita kuma ta koya mana wani wasan tsalle na garinsu, ta ɗaura ƙananan robobin ɗaure kaya suka zama doguwar igiya, ni da yaran 'yan Sudan muna tsallakewa tun daga idon sawu har ƙugu. Tica Sumayya take kirana, kuma sunan ya shiga kaina.

Cikin duk Turancin, babu abin da take so kamar kalmomin da ake ninkawa. Ta ba su shafinsu daban. Mun fara da bye-bye, muka bi da zigzag da ping-pong da tick-tock na agogo da ding-dong na ƙararrawar ƙofa da chit-chat, wato irin hirar da muke yi. Ta ce harshensu cike yake da irinsu, abin da Larabawa ke ce wa shwayya-shwayya su tu-tu suke cewa, na ce mu kuma sannu-sannu. Wata rana ta ce tock-tick, na yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba ta ji haushi ba, sai ta ƙura wa shafin ido, ta ja layi a ƙarƙashin wasulan, ta nuna mini cewa kullum mai "i" ne ke zuwa farko, zig kafin zag, ping kafin pong, chit kafin chat. Ban taɓa lura ba. Washegari na faɗa wa malamarmu a aji kamar ni na gano, ta sa aka tafa mini, ban kuwa ambaci Anti Hauwa ba.

Daga nan muka shiga masu ɗan tsawo, little by little, step by step, again and again. Waɗannan har aiki suka yi mata. Da hantsi idan babu makaranta nakan jiyo ta daga matakala tana riƙe da Hajja a falo tana cewa step by step, Hajja kuma tana amsa mata da shwayya-shwayya cikin faɗa, haka suke tafiya daga kujera zuwa taga.

Wata rana ta zo da kalmar da ta ji a bakin 'yar Filifin. An tambayi matar yadda ƙafar Hajja take, ta ce so-so. Anti Hauwa ta rubuta ta, tana jiran ma'ana. Gaskiyar magana ban san ta ba, ban taɓa jin ta ba. Amma tun da muka fara ban taɓa ce mata ban sani ba, kuma ban yi niyyar farawa ranar ba. Na yi lissafi a raina cewa so big babba ne ƙwarai, so hot zafi ne ƙwarai, to idan an ninka ai ƙari ne a kan ƙari. Ga shi kuma ta yi kama da "sosai" ɗinmu na Hausa. Na ce mata ma'anarta da yawa ƙwarai da gaske. Ta yi ƙoƙarin bayyana mini da hannu cewa a harshensu wani lokacin ninkawa ragewa take yi, ja ya koma mai ɗan ja. Na ce Turanci daban ne. Ta gyaɗa kai ta rubuta.

Bayan kamar mako uku, ranar Alhamis, ba ta hawo ba. Ranar Juma'a Abba ya kai mu bakin teku a Abhur, muka wuni ana gasa kifi, ban ko tuna da ita ba. Ranar Asabar da safe na fito zan sayo burodi sai na gan ta zaune a matakala, bokitin wankin Hajja a gefenta, ta duƙe ta rungume cikinta, gumi ya jiƙa mata riga. Na yi mata magana ba ta ɗago ba. Na koma da gudu na kira Umma, wadda Allah ya sa ranar hutunta ce. Umma ta shigar da ita ɗakinmu ta kwantar, ta taɓa goshinta, ta danna gefen cikinta na dama a hankali sannan ta saki. Anti Hauwa ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Da Umma ta tambaye ta, ashe tun Alhamis direban mai gidan ya kai ta mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa. Likita ya tambaye ta yadda ciwon yake, ta ba shi amsa, ya rubuta mata maganin ciwon ciki ya ce ta huta. Umma ta ce wace amsa ta ba shi. Ta ce so-so ta ce masa, har sau biyu, don ya san ciwon ya yi tsanani. Umma ta ce wa ya gaya mata ma'anar kenan. Ba ta ambaci sunana ba, ta dai juyo da ido ta dube ni a bakin ƙofa. Umma ma ta dube ni, kallo ɗaya, sannan ta zari abayarta ta hau sama. Ina jin muryarta daga ƙasa tana gaya wa mai gidan da Larabci cewa ba a jira direba, ya ɗauko mota yanzu. Mutumin kirki ne, ya sauko da makulli a hannu ko takalmi bai gama sawa ba. Kafin la'asar an yi mata tiyata. Afendis ne, 'yar hanjin nan da ke kumbura, kuma Umma ta ce saura ƙiris ta fashe.

Na wuni ina jiran duka. Da Umma ta dawo ta yi sallar magariba, sai ta kira ni ta zaunar a kan dardumarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sumayya, idan na ce miki zazzaɓi-zazzaɓi nake ji, mai yawa ne ko kaɗan?"

Na ce kaɗan.

"Idan na ce rigar nan ja-ja ce fa?"

Na ce ba ta cika ja ba.

"To so-so haka yake, ba yabo ba fallasa. Ko Hausar bakinki da kin tambaya da ta gaya miki. Matar nan ta ɗauki maganarki ta kai gaban likita."

A nan kukan ya zo mini. Da kukan ya lafa, Abba da ke zaune a gefe ya ce malaminsu na allo yakan ce, "Ban sani ba, rabin ilimi ce." Hukuncin da Umma ta yanke shi ne in bi ta asibiti in faɗa wa Anti Hauwa da bakina cewa ƙirƙira na yi.

Kwana biyu bayan haka muka je. Tana kwance, an sa mata ƙarin ruwa, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin rigar asibiti. Na tsaya a gefen gadon na faɗi abin da na zo faɗa, idona a ƙasa. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, da guntun Turancinta da taimakon hannu, ba laifina ba ne ni kaɗai. Ta ce lokacin da take faɗa wa likitan murmushi take yi, zaune take a miƙe, don tana tsoron kada kafili, wato mai gidan da takardar izinin zamanta ke hannunsa, ya ga ba ta da lafiya ya mayar da ita gida kafin kwantiraginta ya ƙare. Da ta yi kuka, in ji ta, da likita ya gane ko da wace kalma ta yi amfani. Sannan ta sa Umma ta ciro littafin daga jakarta, ta miƙo mini ta ce tica ce za ta gyara. Na soke abin da na sa ta rubuta, na rubuta daidai. Umma ta karɓi biron ta ƙara mata na asibiti: worse and worse idan ciwo yana ƙaruwa, better and better idan yana sauƙi, on and off idan yana zuwa yana tafiya. Ana cikin haka aka kawo abincin rana, farar miya da dafaffiyar shinkafa ba gishiri. Ta ɗanɗana cokali ɗaya, ta dube ni, ta karkaɗa tafin hannu ta ce, "So-so." Umma ta yi dariya har nas ɗin ɗakin ta leƙo.

Da aka sallame ta darasi ya ci gaba, sai dai yanzu da ƙamus ɗin Abba nake hawa, kuma bakina ya saba da cewa bari mu duba. Ta cika shekara biyunta ta koma gida. Mu ma bayan 'yan shekaru aikin Abba ya ƙare muka dawo Kano. Ta riƙa turo wa Umma saƙon murya jefi-jefi, a ɗaya har ana jin ruwan sama yana dukan kwano a bayanta, daga baya lambar ta daina shiga.

Bara da na je umra na roƙi direbanmu ya bi da ni ta tsohon layinmu na Jidda. Gidan yana nan, an sake masa fenti, ban san kowa a ciki ba. A kantin magani na kusa na ga wata mai aikin gida tana yi wa wayarta magana da harshen ƙasarta, wayar tana mayar wa mai kantin da Larabci, cikin minti ɗaya suka gama ta fita. Na san hakan ya fi, babu wanda zai sake dogara da zaton yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a kan lafiyarsa. Amma na daɗe a tsaye ina kallon matar har ta sha kwana, ita kaɗai da wayarta. Shekara biyu na yi ina koya wa Anti Hauwa harshen da ba nawa ba, ban taɓa tambayarta yadda ake cewa "yi haƙuri" a nata ba.