Damen hatsin da aka maido wa Baba

Jiya na ga Baba ya shigo gida ɗauke da damen hatsin da ya fita da shi da safe. Ko sallama bai yi ba.

Gonarmu ta aro ce tun zamanin kakana. Duk shekara bayan girbi, Baba yakan zaɓi dame mafi kyau ya kai wa masu ita a Kore Mairuwa. In sun karɓa, mun san baɗi ma za mu shuka. Ba a taɓa rubuta komai ba.

Inna ta ce, "Malam, ba ka tarar da su ba ne?"

Ya ce, "Na tarar da su, har ruwa suka ba ni. Suka ce in maido wa yara, sun sayar wa Alhaji gonar. Ni kuma in ina da ja, in kawo takarda."

"Wane Alhaji?"

"Wanda muka zaɓa mana. Wanda ya zo neman ƙuri'a bisa moton aro."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ina ya samu kuɗin?"

"Wa zai tambaye shi, Hadiza? Ni aka tambaya takarda."

Yanzu Baba na zancen tafiya cirani, da furfurarsa. Ba mu san inda za mu shuka ba in ruwa ya sauka.

Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ban saba rubutu a nan ba. Amma ku da kuka sani, don Allah ku gaya mini, akwai inda talaka ke kai irin wannan kuka a saurare shi?