Maganin Bakin Titi

Mahaifina rago ɗaya tak yake kiwo a gidanmu na unguwar Nima, a lungun da ke tsakanin randar ruwa da bangon maƙwabta. Da an gama babbar Sallah sai ya sayo ƙarami, ya shekara yana masa hidima don layya ta gaba. Tunda unguwarmu siminti ne da kwano, kullum da hantsi yakan ɗauki lauje da buhu ya tafi bakin babban titi yankan ciyawa. Ni a lokacin ina ɗinki a ƙofar gida, ina ganin fitarsa da dawowarsa.

Wata shekara, saura mako biyu Sallah, ƙaramar hukuma ta daina ɗaukar masu adda don share bakin titi, ta sayo maganin ciyawa. Baba ya tarar da wani mutum da tanki a baya yana feshi. Ya tambaye shi da Hausa me yake fesawa, mutumin ya amsa da yarensu na Twi: "Aduro." Kalmar tasu kamar tamu ce, magani, wanda ake ba mara lafiya da wanda ake sa wa ɓera duk sunansu ɗaya. Baba ya saba ganin masu feshin sauro a kwatocin unguwa, don haka ya yi masa sannu da aiki, har da addu'a. Ya jira ya wuce, ya cika buhu da ciyawa shar da ita.

Kwana biyu ragon ya daina ci. Bakinsa ya yi gyambo, yawu na zuba. Wani maƙwabcinmu direban trotro, wato motar haya, ya leƙo, ya ji inda aka yanko, ya ce, "Baba, ciyawa nan ya mutu tun ran nan, shi ne bai sani ba tukuna." Da gaskiyarsa. Kafin mako ya zagayo bakin titin ya koma ja tun daga gada har fitilar hanya.

Baba ya ɗura wa ragon manja da gawayi, ya kira likitan dabbobi. Ragon dai bai mutu ba, amma ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Yayata ta ce a yanka hakanan, wa zai bincika? Baba bai ko dube ta ba. Ya je wurin liman, ya dawo da amsar da ya riga ya sani: dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta layya.

Ranar Sallah ya sa farar rigarsa, ya dawo daga idi ya zauna a benci. Wuƙar da ya wasa tun farkon wata tana kan taga. Da azahar kwanuka suka fara shigowa daga gidajen da ya saba aika wa nama. Yana karɓa da hannu biyu yana godiya. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, na kuma san ba zai so in nuna ba, sai na koma kan keken ɗinkina.

Da la'asar duk lungunan Nima ba kukan rago sai na namu. Ya samu sauƙi, yana tauna ɓawon rogo a hankali. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ai mutumin bai yi mini ƙarya ba," ya ce. "Magani ne. Ga shi ya yi wa ragon nan maganin wuƙa."

Ya tashi ya ɗauke wuƙar daga taga, ya mayar da ita kube.