Na Goya Muryar Mama Zuwa Kafanchan

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kagoma, ni da ƙanwata, kowace a kan nata acaɓa. A bayana na goya wani baƙin akwati da zane. Na'urar ajiya ce da ɗana ya haɗa mana kafin ya tafi aiki Legas, wadda duk wayoyin gidan ke zuba hotuna da sauti a cikinta. A nan muryar marigayiya Mama take. Waƙoƙinta na niƙa da na coci da yarenmu ɗana ya kwashe daga tsofaffin kaset, kaset ɗin kuwa tuni suka lalace. Ba ta a ko'ina sai nan.

Ranar Lahadi masu wuta suka yi mana wasan da suka saba: a ɗauke, a kawo, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi har ƙwan falo ya fashe. Tun daga nan akwatin ya koma kuka, jan haske na ƙyaftawa. Duk wanda ya shigo sai ya ce sai haƙuri. Na yi haƙuri da firij, na yi da fanka. Wannan karon na ƙi.

Damina ta cinye gefen hanya, ga shi ɗana ya gargaɗe ni cewa faya-fayan ciki ba sa son jijjiga, shi ya sa goyon. Citta ta yi kore shar a gonaki. Ɗan acaɓana ya ƙara kuɗi saboda tsadar mai, ya kuma nemi in biya wa jariri. Wata mai kai doya kasuwa ta yi mini barka, wai a shekaruna ma Ubangiji bai manta da ni ba. Ƙanwata ta yi dariya har ta kusa zamowa daga kan babur.

A Kafanchan muka fara da wani mai gyaran waya kusa da tasha. Ya jona, ya saurari kukan, ya girgiza kai.

"Mama, wannan abu ya gaji. Sai fomat."

Na tambaye shi mene ne fomat. Ya ce a share komai, ya dawo sabo. Ƙanwata ta raɗa mini cewa aƙalla za a ceci akwatin, tunda mai tsada ne. Raina ya ɓaci sosai.

"Ba don akwati na goyo akwati ba," na ce, na mayar da abina baya.

Muka tsaya muka sha faten acca mai yakuwa, mai abincin ta kwatanta mana shagon wani Malam mai gyaran kwamfuta bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Shi bai ma jona ba. Ya shinshina kan cajar akwatin ya ce ta ƙone. Ya buɗe ya nuna mini faifai biyu, tagwaye, kowanne yana ɗauke da abin da ke cikin ɗan'uwansa. Ɗaya ya mutu. Ya ce ba zai taɓa komai ba sai ya kwafe mai ran zuwa wani faifan dabam, kuma bai yi mini alkawari ba.

Ana tsakiyar kwafa aka ɗauke wuta. Janareto suka tashi ko'ina a layin, na miƙe zumbur. Amma kwamfutarsa ko gezau, don tana kan wani ƙaramin batir a ƙarƙashin tebur. Na nuna shi da yatsa na ce irinsa nake so, ko nawa ne.

Da ya dawo daga sallar azahar ya miƙo mini abin sa wa a kunne. "Hajiya... au, Mama, ko wannan ce?"

Sai ga marigayiya Mama tana gyaran murya, tana yi mini faɗa in rufe ƙofa akuya za ta shigo, sannan ta fara waƙa. Na yi kuka a shagon mutane, ban ji kunya ba.

Kuɗin atamfar Kirsimeti ya tafi a batir, caja da sabon faifai. Kwafin kuma na danƙa wa ƙanwata ta ajiye a gidanta, cikin akwatin kaya, inda wuta ba ta isa. Ga abin da na koyo: dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna, abin da kake so kada ya zauna wuri ɗaya, kuma ba kowane "sai haƙuri" ake karɓa ba.

Da la'asar muka isa gida, na jona komai na kunna wa jikoki kakar ubansu. Ba a jima ba masu wuta suka ɗauke abarsu. Fanka ta tsaya, talabijin ya mutu. Mama ta ci gaba da waƙarta har ƙarshe, sannan na tashi na kashe na'urar da hannuna.