Ɗan Farin Rahmatu Mai Daddawa

Duk wanda ya ci kasuwar Isa a zamanin da ake kwana ƙofa buɗe ya san Rahmatu mai daddawa. Kusa da rumfar masu gishiri take zama, ba ta kiran ciniki, ƙamshin kayanta ke kira mata. 'Yar Unguwar Lalle ce, aure ya kawo ta Isa.

Ɗanta na fari, Halliru, tun da aka yaye shi aka kai shi riƙo wurin yayarta mai suna Uwa a Unguwar Lalle, kamar yadda mutanen da can suke yi. Rahmatu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, don kunyar ɗan fari. In ya zo gaishe ta, sai ta ajiye masa tuwo, ta kau da kai, ta tambayi bango ko an zo lafiya. Ya girma yana ɗaukar 'yan kasuwa a babur zuwa Burkusuma har tsallaken iyaka. A daminar da 'yan bindiga suka tsare hanyar, ya fita bai dawo ba. Ba gawa, ba labari, don haka ba a yi masa salla ba, matarsa kuma ba ta shiga takaba ba.

Da abin ya ɗan lafa, sai ga ma'aikatan wata ƙungiya da gwamnatocin ƙasashe ke ɗaukar nauyinta don gano waɗanda suka ɓace. An tono ƙasusuwa a wani daji, ana ɗibar yawun dangi da auduga a gwada da ƙasusuwan. Suka nemi uwar Halliru. Kowa ya nuna Uwa, ita ma ba ta ga abin gyarawa ba. Sakamako ya dawo cewa akwai jini ɗaya, amma ba na uwa da ɗa ba, kuma ba za a saki ƙasusuwan a kan haka ba.

Uwa ta sami Rahmatu a kasuwa, ta ce ta yi riƙo iyakar ƙoƙarinta, amma wannan ba aikin mai riƙo ba ne. Rahmatu ta rufe kwandonta da faifai.

"To, Yaya, za ni."

Da Rahmatu ta je, wata ma'aikaciya mai suna Nusaiba ta tambaye ta wa take nema.

"Halliru," ta ce. "Ni na haife shi."

Aka gwada yawunta, aka tabbatar ƙasusuwan na ɗanta ne. Kafin girbin gero aka kawo shi, aka yi masa salla a Unguwar Lalle, matarsa ta shiga takaba. Masu ta'aziyya suka rasa wadda za su fara yi wa gaisuwa, sai Uwa ta matsa wa ƙanwarta wuri a tabarma ɗaya.